Kalmar “rise” ta Ingilishi: me ya sa ma'anarta ba ta tsayawa wuri guda?

Ɗalibar Ingilishi, unguwar Zariya

Assalamu alaikum. Ina gaida malamai da iyaye da ƴan uwa da ke wannan zaure. Ni ɗaliba ce a shekarar farko ta karatun Ingilishi a nan Maradi, kuma kamar yawancinmu da Faransanci na yi firamare da sakandare, saboda haka duk kalmar Ingilishi da na koya sai ta ratsa ta Faransanci kafin ta iso Hausa a cikin kaina. Tun ajin farko na kwaleji aka gaya mana cewa “rise” tashi ne ko hawa sama, aka sa muka haddace “rise, rose, risen”, muka wuce, ni kuwa na ɗauka na gama da ita.

Makon jiya aka ba mu wani ɗan rubutu a kan kogin Isa, wanda wasu ke ce wa Kwara, aka ce mu fassara. Jimlar farko ita ce “The Niger rises in Guinea”. Ban yi wata-wata ba na rubuta cewa ruwan kogin yana ƙaruwa a ƙasar Gini. Da takarda ta dawo sai na tarar malam ya ja mata jan biro, ya rubuta a gefe cewa ma'anar ita ce daga Gini kogin ya samo asali. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, layi huɗu a ƙasa an sake cewa kogin “rises” a Yamai cikin watan Janairu, kuma a can ƙaruwar ruwa ake nufi, fassarata ta yi daidai. Kogi ɗaya, kalma ɗaya, shafi ɗaya, ma'ana biyu. Bayan haka na ga wani labari daga Najeriya da ya ce “the court rose at four”, na rasa ko alƙalai ne suka miƙe tsaye ko wani tashin hankali aka yi a kotun.

Tambayata ita ce: shin kalma ɗaya ce mai ma'anoni da yawa, ko kuwa kalmomi ne daban-daban da rubutu ya haɗa su, kamar yadda muke rubuta gari na mutane da gari na tuwo iri ɗaya? Kuma ta yaya mai koyo zai gane wadda ake nufi? Ina kuma roƙon a bambance mini ita da “raise”, domin kullum sai na sa wannan a gurbin waccan. Allah ya saka da alheri.

Malamin Ingilishi, Sabon Gari

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Kalma ɗaya ce, ba irin gari da gari ba ce. Wadda take irin gari da gari ita ce “rose”, domin akwai “rose” da ke nufin ya tashi, akwai kuma “rose” sunan fure, kuma babu dangantaka tsakaninsu sai kamannin rubutu da furuci.

Shawarata ita ce ki ajiye Faransanci a gefe na ɗan lokaci, ki dubi kalmar tashi ta bakinki. Ki ɗauki wunin mai sayar da masa a bakin tasha. Ta tashi da asuba, ta buɗe roba ta ga kullu ya tashi, ɗan kabu-kabun da zai kai ta ya yi ta fama babur ya ƙi tashi, ta isa kasuwa ta tarar farashin mai ya tashi, hankalinta ya tashi, la'asar na yi hadari ya taso, kasuwa ta tashi ba shiri. Sau bakwai ke nan, kuma babu Bahaushen da zai tsaya ya tambaye ki wane tashi kike nufi, domin abin da ya tashi shi ne yake faɗa masa. Da ya ji kullu ya san kumbura ce, da ya ji babur ya san inji ne, da ya ji kasuwa ya san watsewa ce. Haka Bature yake jin “rise”. Kafin ki fassara ta, ki fara duba wane ne ko mene ne ya yi aikin.

Kotun nan da ta rikita ki, da Hausa kika karanta da ba ta rikita ki ba. A Ingilishi kotu da majalisa zama suke yi, wato “sit”, in sun gama kuma sai su tashi, wato “rise”. Mu ma muna cewa kotu ta zauna, kotu ta tashi da ƙarfe huɗu. Har Faransanci da kika sani yana cewa “la séance est levée”. Alƙali ne ya miƙe daga kujera, miƙewar tasa ta zama sunan ƙarshen zama a harsuna uku.

Batun kogi ya fi nisa kaɗan, amma hoton yana nan. A mafarin kogi ruwa daga cikin ƙasa yake ɓuɓɓugowa ya fito sarari, wato daga ƙasa ya yo sama, shi ya sa suke cewa kogi ya yi “rise” a wuri kaza. Kogin Isa daga tsaunukan Gini yake farawa, ya yi tafiyar kimanin kilomita 4,200 ta Mali da Nijar da Najeriya kafin ya faɗa teku, kuma ruwan da aka yi a Gini da damina sai ya ɗauki watanni kafin ya iso Yamai, shi ya sa kogin ke sake cika a can cikin sanyin Janairu alhali ba a yi ko yayyafi ba. Jimlolin biyu duk gaskiya ne. Alamar da za ki riƙe ita ce, in aka ambaci ƙasa ko dutse ana bayanin labarin ƙasa, mafari ake nufi; in aka ambaci lokaci ko mita ko ruwan sama, cika ake nufi.

Sai “raise”. A nan ne Faransanci yake cutar ɗalibanmu, kuma na shekara da shekaru ina ganin haka a takardun jarrabawa. A Faransanci “monter” da “augmenter” kowanne yana aiki ta fuska biyu: farashi ya “augmenter” da kansa, ɗan kasuwa ma ya “augmenter” farashi, kalma ba ta sauya ba. Ingilishi ba ya yarda da haka, kuma Hausa ma ba ta yarda. Muna cewa yaro ya tashi, amma uwa ta tayar da yaro, ko ta tada shi. Ba mai cewa uwa ta tashi da yaro yana nufin ta farkar da shi. “Rise” ita ce tashi, abu ne yake yi da kansa, ba ta ɗaukar karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa. “Raise” ita ce tayar da, ko ɗaga, dole sai da abin da aka ɗaga: hannu, murya, tuta, farashi, albashi. In kin rubuta jimla, ki mayar da ita Hausa a zuci. In “tayar da” ko “ɗaga” ta shiga, to “raise” ce.

Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, ko da yake hanyoyi daban suka biyo. “Rise” ƴar gida ce, tana cikin tsohon Ingilishi tun fiye da shekara dubu da suka wuce. “Raise” kuwa daga bakin mutanen arewacin Turai ta shigo, waɗanda ake kira Bikin, da suka zauna a arewaci da gabashin Ingila tun daga ƙarni na 9. Ingilishi yana da tasa kalmar ta tayarwa, wato “rear”, amma baƙuwa ta ture ta, har ta koma an fi jin ta a renon yara da kiwon dabbobi. Ki lura a nan ma hoton bai ɓace ba: mu muna cewa wane ya tashi a hannun kakarsa, su kuma suna cewa kaka ce ta tayar da shi.

Ɗan kasuwar hatsi

Malam, Allah ya ƙara sani. Ni ban zauna a aji na koyi Ingilishi ba, a hanyar Ɗan Isa da Jibiya da kasuwar Dawanau ta Kano na tsince shi, saboda haka zan faɗi abin da kunne ya ji ne kawai. A kasuwa da wuya ka ji mutum ya ce “rise”. Abokan cinikinmu na kudancin Najeriya cewa suke yi “price don go up”, shi ke nan. Kalmar a rediyo da jarida da takardun banki take zaune.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne kunne, domin “rise” da “rice” da “raise” a bakin mutanenmu kusan abu guda ne. Wata rana wani abokin cinikina ya aiko mini da saƙon murya ta WhatsApp yana gargaɗina cewa kaya sun yi tsada, ni kuwa na ji kamar yana cewa yana da shinkafa, na kwana ina lissafin buhu nawa zan ɗauka. Da safe ɗana da ke lise ya saurara ya yi ta dariya. Shi ya nuna mini cewa ta shinkafa da “s” take ƙarewa, ta tashi kuma da “z”.

Ƙanwata, in kina son wurin gwaji, ki bi labaran kuɗi. Lokacin da Najeriya ta cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, kwalbar mai ta bakin titi a nan Maradi ta tashi cikin kwanaki, kuma duk labarin da aka buɗe wannan kalma ce a ciki. A wurin ƴan canji ma haka ne: in naira ta faɗi sefa ta tashi, sai a ce ɗaya ta “fall” ɗaya ta “rise”. A wannan fanni dai Hausa da Ingilishi ba su da saɓani ko kaɗan.

Tsohon tafinta mai ritaya, Maradawa

Ina yi wa kowa sallama. Na karanta bayanin Malam sau biyu, kuma abin da ya faɗa a kan “raise” ba shi da gyara. Amma ina da ja a kan wani ɓangare, kuma ina fata Malam zai yi mini uzurin tsufa. Tashi tsani ne mai kyau na hawa, sai dai in yarinya ta saba da shi za ta ɗauka duk inda tashi ta shiga “rise” ma za ta shiga, kuma a aikin fassara wannan zato ya fi rashin sani haɗari, domin wanda bai sani ba yana buɗe ƙamus, wanda ya yi zato kuwa ba ya buɗewa.

Ga misali daga tarihin garin nan. Tsohuwar Maradi a fadama take, kusa da gulbi. A shekarar 1945 ruwa ya ci garin, aka kwashe mutane aka hau da su tudu, inda aka yanka titunan nan miƙaƙƙu da muke bi yau. Iyayenmu in suna ba da labarin cewa suke yi gulbi ya kawo, gari ya tashi. To, jikata, gwada mayar da wannan Ingilishi da tsanin Malam. Gulbi ya kawo, babu tashi a ciki, amma a Ingilishi nan ne “rise” take: “the river rose”. Gari ya tashi, ga tashi ƙarara, amma in kika rubuta “the town rose” kin gaya wa mai karatu cewa Maradawa sun yi wa Nasara tawaye a 1945. Inda babu tashi akwai “rise”, inda akwai tashi babu ita.

Dalili shi ne, in jama'a ce ta yi “rise” a Ingilishi, bore ake nufi. Tawayen da aka yi wa Ingila a birnin Dablin na ƙasar Ayilan a watan Afrilu na 1916 da “Rising” aka san shi har yau, kuma a ƙarshen wannan shekara ne Kawusan, jagoran Abzinawa, ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas. Irin waɗannan duka “rising” ne ko “uprising”. Mu kuwa sai mun ƙara wani abu, mu ce sun tashi tsaye, ko sun tayar da ƙayar baya, ko sun yi tawaye.

Tashi ta Hausa tana da wani babban reshe da “rise” ba ta da shi sai ɗan tsiro, wato reshen barin wuri da ƙarewa. Mota ta tashi zuwa Damagaram, maƙwabcinmu ya tashi ya koma Ali Ɗan Tsoho, an tashi daga makaranta, wasa ya tashi biyu da ɗaya, kuɗin kaya ya tashi jika goma. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da “rise” za ta ɗauka. Kotu da majalisa ne kawai suka yi dace, kuma ina ganin dacen ne ya ruɗi Malam. Mai masar nan tasa ma, da ya ce kasuwa ta tashi, in aka rubuta “the market rose” sai Bature ya fahimci cewa farashi ya hau, masu hannun jari sun ci riba, alhali mutane ne suka naɗe tabarmi suka gudu daga ruwa. Babur da ya ƙi tashi shi ma ba “rise” ya ƙi yi ba, “start” ya ƙi yi.

Ta ɗaya gefen kuma akwai wuraren da “rise” ke shiga tashi ba ta bin ta. Wanda ya fi kusa shi ne rana. Bahaushe bai taɓa cewa rana ta tashi ba. Rana fitowa take yi, ta ɗaga, ta take tsaka, ta yi gora, ta faɗi. Bafaranshe yana tayar da ita daga barci da safe ya kwantar da ita da yamma, kamar mutum. Baturen Ingila yana cewa ta “rise” da safe, amma da yamma ba ya cewa ta faɗi, sai ya ce ta “set”. Rana ɗaya ce, kowa da abin da idonsa ya gani. Na daɗe ina sha'awar yadda wannan fitowa ta zama sunan ƙasashe: Mashriƙ na Larabawa daga hudowar rana yake, Lebant da Turawa ke kiran yankin Sham daga “lever” ta Faransanci yake, har sunan da mutanen Japan ke kiran ƙasarsu ma'anarsa mafitar rana.

Haka nan mutumin da ya yi “rise to power” mulki ya hau, ba tashi ya yi ba. In ma kika ce sarki ya tashi, fada ce ta watse. “Give rise to” haifarwa ce ko jawowa, kamar a ce fari ya jawo tsadar hatsi. Wanda ya yi “rise to the occasion” shi ne wanda aka ɗora wa nauyi ba zato ya fitar da mutane kunya. Akwai kuma wani tarko da ƙa'idar Malam ba ta kama ba: in kalmar suna ce, ƙarin albashi a Ingila “rise” ne, a Amurka kuwa “raise” ne, kuma kowa a cikinsu yana ganin nasa ne daidai.

Abin da na yi shekaru ina yi, tun ba a san wayar hannu ba, shi ne littafi na musamman wanda ban taɓa rubuta kalma ita kaɗai a ciki ba. Kullum da abokin tafiyarta nake rubuta ta: rana da “rise” a hagu, fitowa a dama, gulbi da “rise”, kawowa, jama'a da “rise”, tawaye, murya da “rise”, ɗagawa. Aiki ne mai cin rai, amma tunda dokar da aka kafa a watan Maris na 2025 ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, ku ne za a miƙa wa takarda a ce ku juya ta daga Ingilishi zuwa Hausa kai tsaye, ba tare da an yada zango a Faransanci ba.

Ɗalibar Ingilishi, unguwar Zariya

Na gode ƙwarai, Malam, na gode Alhaji, Baba kuma Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kakata ta sha ba mu labarin tashin gari daga fadama, ban taɓa tunanin zai shigo darasin Ingilishi ba. Na sayi littafi na fara jerin da Baba ya ce, har na cika shafi guda, kuma da na dubi tsofaffin takarduna na ga cewa kusan duk inda na yi kuskuren “raise” daga “augmenter” na fassaro. Saura abu biyu. Ina “arise” ta faɗo a cikin wannan dangi? Sannan in ina so in ce na tashi da ƙarfe biyar na asuba, “I rose at five” daidai ne? Na rubuta haka sau ɗaya, malaminmu bai soke ba, amma ya yi murmushi.

Malamin Ingilishi, Sabon Gari

Baba, na karɓi gyara, musamman a kan kasuwa da babur. Misalin gulbi da gari kuwa da izininka zan shiga da shi aji ranar Litinin.

Ɗiyata, “arise” a Ingilishin yau ta fi zama da abubuwan da ba a taɓawa da hannu: matsala, tambaya, saɓani, dama, bukata. Abin da ya fi kusa da ita a Hausa shi ne taso. Muna cewa wata magana ta taso, rigima ta taso, bukata ta taso, wato abin ya tashi ya nufo inda muke. Wannan wasalin “o” na ƙarshe, wanda yake bambanta fita da fito, shiga da shigo, tashi da taso, wata dukiya ce da Ingilishi ba shi da irinta, shi ya sa yake neman wata kalma daban. Ba a cewa farashi ya “arise”, ba a kuma cewa matsala ta “rise” in ana nufin ta kunno kai. Juyinta irin na ƴar uwarta ne: “arise, arose, arisen”.

Jimlarki ta asuba ba ta karya nahawu ba, shi ya sa bai soke ba. Murmushin kuwa saboda ta yi kama da maganar tsofaffin littattafai, kamar yarinya ta ce wa ƙawarta “na farka daga barcina yayin da alfijir ya keto” alhali tambayarta kawai aka yi ƙarfe nawa ta tashi. A maganar yau da kullum “I got up at five” ake cewa, in kuma buɗe ido kawai kika yi kina kwance, “I woke up”. Haka in malami ya shigo aji “stand up” ake ce wa ɗalibai. “All rise” sai a kotu, lokacin da alƙali zai shigo.